Babi na Biyar: Idan Kwamfuta Ta Yi Shiru a Damargu

A galibin littattafan koyon kwamfuta, ɗaukewar sauti ƙaramar matsala ce da ake turawa can shafukan ƙarshe, domin masu rubuta su suna zaune ne inda aikin kwamfuta rubutu ne da lissafi. A Damargu, yankin Tanut da Belbeji a Nijar, abin ya sha bamban. A Nijar baki ɗaya, manyan da suka iya karatu da rubutun boko ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma a karkara irin ta Tanut da Belbeji adadin ya fi haka ƙanƙanta, musamman a cikin mata. Saƙo a nan ta kunne yake shiga. Cigiyar raƙumin da ya ɓata, ranar rigakafin dabbobi, farashin tiyar hatsi, ranar da za a saki gonaki ga makiyaya bayan an kwashe amfani, tafsirin azumi, waƙar biki, duk murya ce ke ɗauke da su. Kwamfutocin yankin ba su da yawa, amma kaɗan ɗin da ake da su, da damansu aikin murya suke yi: ta gidan rediyon karkara, ta saurayin da ke zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a katin memori a bakin kasuwa, ta mai sa kiɗa a wajen biki, ta ma'aikacin lafiya da ke haska majigin faɗakarwa a ƙauye. Irin wannan kwamfuta in ta yi shiru, ko da allonta na haske tas, aikinta ya tsaya.

Gidajen rediyon karkara su suka fi nuna nauyin lamarin. Na farkonsu a Nijar ya fara aiki a Bankilare, cikin jahar Tilaberi, a shekarar 1999, da wutar hasken rana, daga nan kuma suka bazu har suka haura 100. Da can kaset ake sawa. Yau kwamfuta ce a tsakiyar ɗakin watsa shiri: a cikinta ake naɗar murya, a cikinta ake yankewa a gyara, daga cikinta ake sakin shirye-shiryen da ke zuwa daga Yamai, irin na Studio Kalangou da ya fara a 2016 yana raba wa tashoshin da ke hulɗa da shi labarai da Hausa, Zabarmanci, Tamashek, Fulatanci da Faransanci. Daga Tanut zuwa Damagaram kimanin kilomita 140 ne a kan hanyar Agadas. Belbeji kuwa, wadda aka yanke daga Tanut ta zama gunduma ta kanta a 2011, tana can yamma a kwarin Tarka. Kai kwamfuta birni gyara daga irin waɗannan wurare kuɗin mota ne, da kwanakin jira, da tashar da za ta koma karanta sanarwa da baki kawai har sai an dawo.

Duk da haka akwai hukuncin da ya zama jiki a bakin masu gyara, daga Damagaram har Kano. Da zarar sauti ya ɗauke sai a ce “direba ne”. In an sake sa direba bai yi ba, sai a ce “sai an yi formataj”, wato a share abin da ke cikin kwamfutar a sake zuba Windows. Abin da nake son tsayawa a kai a wannan babi shi ne, wannan tsari a kife yake. A yanayi irin na Damargu direban sauti shi aka fi zargi, shi ne kuma mafi ƙarancin laifi. An bar jaki ana dukan taiki. Binciken da ya dace daga kunnen mai sauraro yake farawa, ya bi waya ya koma baya zuwa cikin na'ura, direba ya zo kusa da ƙarshe, formataj kuma bayan an gama da komai.

Direba ƴar manhaja ce da ke tsakanin Windows da ƙwayar sauti da ke manne a babban allon cikin kwamfuta, kamar mai tafinta tsakanin Ba'abzine mai raƙumi da Bahaushe mai hatsi a kasuwa. Ƙwayar ita ke juya lambobi su zama motsin lantarkin da ke kaɗa lasifika, kuma a yawancin tsofaffin HP, Dell da Lenovo na gwanjo da suka shigo ta Kano ko Kwatano, ƙwayar ta kamfanin Realtek ce na Taiwan, ko ta Conexant, ko ta IDT. A zamanin Windows XP maganar direba gaskiya ce, domin ƙarƙashin ƙa'idar AC'97 da Intel ya fitar a 1997, kusan kowace ƙwaya sai da nata direban, wanda ya ɓatar da faifan da ya zo da kwamfutarsa kuwa ya shiga uku. A 2004 Intel ya kawo sabuwar ƙa'ida mai suna High Definition Audio, Microsoft kuma ya dasa direba na gama-gari a cikin Windows tun daga Vista, wadda ta shiga kasuwa a farkon 2007. Tun daga lokacin, yawancin kwamfutocin da ke bin wannan ƙa'ida suna magana da zarar an zuba musu Windows, ko ba a sa musu direban kamfani ba. Saboda haka saurin zargin direba gado ne daga zamanin da ya wuce, ubangida ya koya wa yaron shago, yaron shago ya buɗe nasa ya koya wa na baya. Ga kuma wata hujja da ta fi wannan ƙarfi: direba ba ya tsatsa, ba ya tsufa, ƙura ba ta shiga cikinsa. Rubutu ne a ma'ajiya, in ba a taɓa shi ba yadda yake jiya haka yake yau. Kwamfutar da ta yi magana jiya ta yi shiru yau, tambayar da ta kamata a fara yi a kanta ita ce, me ya canja tsakanin jiya da yau?

Abin da ke canjawa kullum a Damargu ba sai an nema ba, ƙura ce. Tun daga Nuwamba iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas har wajen Maris, kuma babu ɗakin da ƙurarta ba ta shiga. Ramin da ake jona abin sauraro na kunne faɗinsa milimita 3.5 ne kawai. A cikinsa akwai ƴan siraran ƙarafa masu lanƙwasa. Wasu ke ɗaukar sautin dama da na hagu, ɗaya kuma aikinsa gadi: idan bakin waya ya shiga ya ture shi, sai ya sanar da ƙwayar sauti cewa an jona wani abu, ƙwayar ta sanar da direba, direba ya kashe lasifikar cikin kwamfuta don kada sauti ya fita ta wuri biyu. To in ƙura ta haɗu da maiƙon hannu ta dunƙule a bayan wannan ƙarfe, ko ƙarfen ya gaji ya lanƙwashe saboda yawan cusawa da zarewa, sai ya ci gaba da ba da rahoton cewa an jona, alhali ramin wayam yake. Kwamfuta za ta yi tsit. Alamar lasifika a ƙasan allo lafiya lau, koriyar sandar da ke nuna ƙarfin sauti tana ta tsalle, amma kunne bai ji komai ba. Wanda ya kula zai ga Windows ta rubuta abin kunne a matsayin mafitar sauti maimakon lasifika. A nan direba aikinsa yake yi daidai, ƙarya aka faɗa masa, kuma ko sau goma aka yi formataj ramin yana nan yadda yake. Abin yi shi ne a kashe kwamfutar, a hura wa ramin iska, a cusa bakin waya a zare sau da yawa, in ta kama a goge da tsinken sakace da aka naɗa wa ɗan auduga mai ɗan danshin alkol. Ban da allura, ban da ruwa.

Ba kowace matsala ce shiru ba. Akwai sautin da ke fita yana yankewa, yana ƙaƙas-ƙaƙas. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fankar da ƙura ta toshe ba ta iya fitar da zafin ciki, sai kwamfuta ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, sauti kuma ya fi komai jin wannan jinkiri, domin shi ba ya jira. In yankewar tana zuwa ne da rana tsaka, bayan an jima ana aiki, da safe kuma babu ita, to buroshi da iska ake buƙata. Akwai kuma gunjin nan mai kauri da ke bin bayan murya a lasifika. Wutar layi a Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawa kan ɓuya ta bi waya ta shiga sauti idan kwamfuta da teburin haɗa sauti ba su da haɗin ƙasa mai kyau. A ƙasar da kimanin kashi 20 cikin 100 ne kawai na jama'a ke samun wutar lantarki, a karkara kuma ƙasa da haka nesa, mafi yawa allon sola ne da batir da inbata mai araha, ko janareta, su kuwa waɗannan wutarsu ba ta fita sumul, ta fi ta layi surutu. Gwajin ba ya cin ko dala: a zare caja, a bar kwamfuta a kan batirinta. In gunjin ya ɗauke, an kama mai laifi. Haka wayar salula da aka ajiye kusa da tebur, in tana kan tsohon layin 2G, takan jefa wani tat-tarat-tat a cikin shiri gab da kira ya shigo. Haka wayar sauti marar rufi da ta bi ta kusa da na'urar watsa shiri. Haka kuma in aka jona kwamfuta a kafar makirfo a jikin tebur maimakon kafar layi, murya za ta fito a fashe, domin an yi kafar makirfo ne don sauti mai rauni ƙwarai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da sabon direba zai taɓa.

Sai an wuce nan ake shiga cikin Windows, a can ma akwai ƙofofi kafin a kai ga direba. Wanda ya jona kwamfuta da talabijin ko majigi ta wayar HDMI jiya da dare, Windows takan mayar da sauti can ta manta ba ta dawo da shi ba. Lasifikar Bluetooth da ke kunne a ɗakin maƙwabta tana iya janye shi. Kowace manhaja tana da nata ma'aunin ƙarfin sauti, manhajojin gyaran murya irin su Audacity kuma suna zaɓen mafitarsu daban da ta Windows. Wani lokaci hidimar sauti ta Windows ce ta tsaya, a tada ta kawai. Duk wannan aikin minti biyar ne ga wanda aka taɓa nuna wa.

Gwaji biyu ke raba gardama. Na farko, a jona wa kwamfutar abin kunnen da aka tabbatar yana aiki a wayar salula: in an ji sauti a ciki, ƙwaya da direba lafiyarsu ƙalau, laifin yana ga lasifika ko rami ko waya. Na biyu ya fi zurfi. Ana iya zuba Ubuntu, wadda kyauta ce, a kan kile, wato ƴar ma'ajiyar USB, a tada kwamfuta daga kanta ba tare da an taɓa ko fayil ɗaya na ciki ba. Ubuntu na zuwa da nata direbobin. In tsohuwar kwamfuta ta yi magana a can, jikinta lafiya, matsalar a Windows take. In can ma shiru, to mai yiwuwa ƙarfe ne ya lalace, kuma share Windows ɓata lokaci ne.

Mai gyara zai ce, ai formataj na aiki, na yi sau ba adadi kuma sauti ya dawo. Gaskiya ne yakan dawo, kuma bai kamata a yi musun abin da mutum ya gani da idonsa ba. Amma a duba dalilin dawowar. Sabuwar Windows tana mayar da kowane saiti yadda ya fito daga kamfani: mafitar da ta karkata ta dawo, ma'aunin da aka sauke ya tashi, hidimar da ta tsaya ta kama aiki. Wato an gyara abin da danna maɓalli ɗaya zai gyara, an kuma biya da yini guda da duk abin da ke ciki. Akwai kuma abin da mai gyara a birni ba ya gani. Kwamfutar da aka kawo masa ta rabu da teburinta, da wayoyinta, da inbatarta, ta sha girgizar hanya har ƙurar rami ta motsa. A shagonsa za ta yi magana ko bai taɓa ta ba. A mayar da ita inda ta fito a jona, bayan kwana biyu ciwon ya dawo, mai ita kuma ya ce aikin bai yi kyau ba, a sake ɗaukar hanya.

Abin da ake sharewa kuwa ba ƙarami ba ne, kuma nan ne abin ya fi damuna. Damargu ƙasa ce mai tarihi. Ita ce rumbun da ayarin Abzinawa ke sayen hatsi a kan hanyar fatauci tsakanin Kano, Damagaram, Agadas da Tarabulus, Jajiduna kuma tana cikin garuruwanta da suka yi suna a wancan zamani. Mafi yawan wannan tarihi a bakin dattawa yake, kuma sau da yawa wurin da kawai aka taɓa naɗar muryarsu shi ne ɗakin rediyon karkara. Haka zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya, haka waƙoƙin makaɗan ƙauye da ba su taɓa shiga sutudiyon birni ba. Za a ce ai mai gyaran kirki yana kwashe fayiloli kafin ya share. Wasu na yi. Amma a aikace muryoyin suna zube ne a fuskar allo da cikin jakunkunan da ke ɓangare ɗaya da Windows, babu wata ma'ajiyar da za a kwashe su a kai, mai kwamfuta yana sauri motar komawa za ta tashi. Dattijon da aka naɗa shekara goma da suka wuce, mai yiwuwa yau ba ya duniya, ba za a sake kiransa ya maimaita ba.

Wannan ba yana nufin direba ba ya laifi ba. Yana yi, kuma yana da alamominsa: jan kuros a kan alamar lasifika, saƙon da ke cewa babu na'urar fitar da sauti, ko alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa a shafin da Windows ta Faransanci ke kira Gestionnaire de périphériques. Ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa na iya lalata fayilolinsa, ƙwayar cutar kwamfuta da ke yawo a katin memori ma haka. Sabbin kwamfutocin ƴan shekarun nan, masu makirfo na zamani a jikin allo, da dama ba sa gamsuwa da direban gama-gari, sai na kamfaninsu. Sai dai abin lura shi ne, mafi yawan laifin direba yana biyo bayan taɓa shi ne. A watan Oktoba na 2018 sabuntawar Windows 10 ta tura wani direban sauti na Intel zuwa kwamfutocin da ba nasu ba ne, mutane da yawa a duniya suka wayi gari da shiru, har sai da Microsoft ya fitar da gyaran da ya cire shi. A watan Mayu na 2017 wani kamfanin tsaro na Suwizalan, modzero, ya gano cewa manhajar da ke tafe da direban Conexant a wasu kwamfutocin HP tana rubuta duk maɓallin da mutum ya danna a wani fayil. In direban da ya fito daga hannun kamfani na iya ɗauke da irin wannan, ina ga tarin direbobin nan na dubbai da ake kwafa daga shago zuwa shago, ba a san asalinsu ba, ana danna “sa duka” a tafi shan shayi? Hanyar da ta dace a fili take. In sauti ya ɗauke bayan sabuntawa, akwai maɓallin komawa ga direban baya. In babu, a cire direban a sake tada kwamfuta, Windows za ta sa na gama-gari. In dole sai na kamfani, a karanta lambar ƙwayar a shafin bayananta, 10EC Realtek ce, 14F1 Conexant, 111D kuma IDT, a sauke wanda ya dace da samfurin kwamfutar daga shafin wanda ya ƙera ta. Wasu ƙunshin direban Realtek sun zarce megabayit 200, abin da ke cin kuɗin data da haƙuri inda layi ke rarrafe, don haka sau ɗaya ya kamata a sauke shi a ajiye.

Wani zai ce duk wannan magana ta tsufa, tunda wayar salula ta karɓe aikin kwamfuta. Ta karɓi na sauraro, ba ta karɓi na haɗawa da adanawa ba. Saƙon murya da makiyayi ya turo ta WhatsApp daga Tenhiya, ta cikin kwamfuta yake bi kafin ya fita a iska. Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na abincin mai gyara. Ana biyansa ne a kan aikin da ido ya gani. In ya hura iska a rami sauti ya dawo cikin minti biyu, mai kwamfuta zai ce “ai ba ka yi komai ba” ya ba shi na goro, in kuwa ya yini yana zuba Windows za a biya shi ba gardama. Laifin a nan namu ne masu kai gyara, kamar yadda yake na masu gyaran. Gano ciwo shi ne ainihin gwaninta, kuma sai an fara biyan kuɗinsa kafin a daina sayar mana da formataj. Ƙungiyoyin da ke ba tashoshin karkara kayan aiki su ma suna da nasu kason: a kawo tebur da kwamfuta a yi bikin miƙawa, ba a ware ko kwana biyu an koya wa matashin da zai zauna da su yadda ake bin sauti daga lasifika zuwa ƙwaya ba. Kuma a koya masa da harshen da yake tunani da shi. Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma saƙonnin kwamfutar suna nan da Faransanci, waɗanda aka sayo a Kano kuma da Ingilishi. Jerin abin da za a duba, ɗaya bayan ɗaya, bai wuce shafi guda ba in aka rubuta shi da Hausa aka manna a bangon ɗakin.

Saura ranar da ƙarfen ya mutu da gaske, rami ya karye ko ƙwaya ta ƙone. Ko a nan ba sai an jefar da kwamfuta ko an kai ta a yi mata walda a babban allo ba. Akwai ƴar na'urar sauti ta USB, ba ta fi kile girma ba, mai kafar abin kunne da ta makirfo. Tana bin ƙa'idar da aka tsayar tun 1998, wadda Windows da Ubuntu duk suka sani, don haka ba ta neman direba, jonawa kawai ake yi a zaɓe ta a matsayin mafita. Buƙatar irinta ƙaruwa za ta yi. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025, yawancin kwamfutocin gwanjo da ke aiki a Tanut da Belbeji kuma ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Za su ci gaba da aiki shekaru a yadda suke, babu sabon direban da ke tafe musu, kamfanoni ma sukan janye tsofaffin daga shafukansu. Tashar da ke da kwamfutar da ke magana yau, yau ɗin ya kamata ta kwafe direbanta da muryoyinta a ma'ajiya ta daban, ta sayi ƴar na'urar USB ɗin ta ajiye, ta kuma raba kwamfutar watsa shiri da intanet da katunan memorin baƙi.